Dafadukan taliya da naman shanu: a fara sallamar naman tukuna

Duk wadda ta ce miki ta sauke dafadukan taliya da naman shanu cikin minti 30, ki tambaye ta inda ta sayi naman. Ko dai niƙaƙƙe ne, ko ta sulala shi tun jiya, ko kuma mutanen gidanta sun fi namu ƙwarin haƙori. Bidiyoyin girkin da ƙanwata ke turo mini ba dare ba rana su suka sa na yi wannan magana. A zuba nama, a zuba taliya, a zuba ruwa, a rufe, a buɗe, wai shi ke nan an gama. Tukunya ɗaya ce kam, babu musu, amma naman yana son awa ɗaya da rabi, wani sa'in har biyu, ita kuwa taliya minti 10 zuwa 12 ya ishe ta. Naman shi ne uwargida a tukunyar nan, shi ya riga kowa shiga, shi ya sha wuya. Taliya amarya ce, a ƙarshe take zuwa, kuma in kika ɗauke ido daga kanta sai ta ɓata miki rai.

Ban ga laifin masu bidiyon sosai ba. Yawancinsu daga girkin Amurkawa suka kwaso, su kuwa can shanunsu daban ne. Wuri ɗaya ake tsare saniya a yi ta ɗura mata masara, a yanka ta tun ba ta cika shekara 2 ba, a rataye naman a ɗakin sanyi ya yi kwanaki kafin ya isa kanti, kuma sau da yawa a niƙe ake sayen sa. Irin wannan nama ko hararar sa wuta ta yi ya nuna. Tun a 1971 kamfanin General Mills ya fito musu da kwalin Hamburger Helper, taliya da garin kayan ɗanɗano a ciki, a daidai lokacin da nama ya yi musu tsada, don mace ta zuba ɗan niƙaƙƙen naman da bai kai rabin kilo ba ta ciyar da mutum 5 daga kasko ɗaya. Dabarar dai irin tamu ce, in nama ya yi kaɗan taliya ta rufa asiri.

Namu naman kuwa labarinsa daban. Bunaji ko rahajin da aka kai kwata da asuba ya yi shekaru yana taka ƙasa, da rani ya yi kudu neman ciyawa, da damina ya dawo arewa, kafin ya faɗo kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. Da hantsi namansa yana kan teburin mahauci, ko hucewa bai gama yi ba. Dabbar da ta yi tafiya haka namanta tauri gare shi, amma wajen ɗanɗano da romo wadda aka tsare a garke ba ta kama ƙafarta ba.

Don haka daga gaban mahauci girkin yake farawa. Mata da yawa in sun je sai su ce a ba su tsoka zalla, ja wur, babu kitse babu jijiya. Tsokar cinya ta yi a tsire da kilishi da dambun nama, amma in ta daɗe cikin ruwa kan wuta bushewa take yi, ta zama zare-zare tana maƙalewa a haƙori. Ni ƙirji nake nema, ko wuya, ko naman ƙwauri mai farar jijiya a tsakiya, da ƙashi ɗaya ko biyu masu ɓargo. In an dace da tozo, yanka biyu sun isa, shi zai ba tukunyar maiƙo.

Mahaucin da nake saye a wurinsa ya gane ni sarai. Ina tsayawa zai ce, "Hajiya, na miya ne ko na dafaduka?" In na ce dafaduka sai ya jawo ƙirji.

"Malam, ƙanana-ƙanana fa, kuma don Allah ban da tsakin ƙashi."

"An gama, Hajiya. Amma yau a ƙara wani abu, shanu sun yi tsada a Wudil."

Kullum shanu sun yi tsada a Wudil.

Maganar tsakin ƙashin nan ba wasa ba ce. In aka sara ƙashi da adda yakan farfashe, a miya sai ya kwanta a ƙasan tukunya ki gan shi, amma a cikin taliya ɓuya yake yi, sai a bakin yaro za a same shi. Idan na dawo gida nakan bi naman da hannu cikin ruwa, yanka-yanka, in tsince. Girman yankan kuwa kada ya wuce goro ɗaya. Wanda ya fi haka zai cinye miki gas, kuma ba zai rabu wa kowa ba idan aka zo zubawa.

Ga gidana na mutum 6, ledar taliya ɗaya mai giram 500 nake dafawa, da nama rabin kilo, in wata ya yi nisa ma ƙasa da haka. Albasa manya 3, tattasai 5, tumatir 4 ko 5, attarugu gwargwadon bakin yara, ƙaramin tumatirin leda ɗaya, man gyaɗa ludayin miya ɗaya. Sai tafarnuwa da ɗanyar citta, masoro, kanumfari ƙwaya 3 kacal don shi ba ya son a yi masa yawa, kori, gishiri, dunƙule, da daddawa. Karas da koren tattasai da lawashi in akwai.

Tukunyar ita ma a duba ta. Ta dalma mai kaurin gindi nake ɗorawa, irin wadda maƙeranmu ke zubawa. Falalen tukunyar nan mai ƙyalli da ake jere da ita a ɗakin amare ki bar ta wa dafa ruwan shayi, taliya tana shiga za ta kama.

Yadda muka taso muka gani shi ne a tafasa nama da albasa, a tsame, a soya a wani kasko, a ajiye romo gefe, sannan a dawo a haɗa. Yana yin daɗi, ban ce ba ya yi ba, amma an ɓata kwano uku ke nan, kuma mafi daɗin abin da naman ya bari yana can manne a kaskon suya za a kai shi wajen wanke-wanke. Ni juya abin nake yi, suya a farko, dahuwa daga baya, duk a wuri ɗaya.

Bayan wanki nakan bar naman a kwando ya tsane sosai, har in bi shi da tsumma mai tsabta. Dalili kuwa, jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wuta, shi kuwa jan nan mai ƙamshi da ke fitowa a jikin nama sai zafi ya kai wajen 140 yake farawa. Muddin da ruwa a gindin tukunya, tafasa naman kawai kike yi cikin mai. Sai man ya yi zafi har ɗan yankan albasa ya yi cuu da zarar ya faɗa, sannan in zuba rabin naman, in baza shi, in rabu da shi. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi yana son juyawa. Ki daure. Idan ya yi ja zai saki gindin tukunyar da kansa, sannan a juya ɗaya gefen. A kwashe a murfin tukunya, a zuba ragowar. In kika zuba shi duka lokaci guda, zai fitar da ruwan jikinsa ya yi toka-toka yana iyo, ƙarni ya tashi maimakon ƙamshi.

Yanzu leƙa gindin tukunyar. Za ki ga ya yi ja-ja mai duhu, ya manne. Wannan ba ƙonewa ba ne, shi ne jarin girkin. Albasa ce za ta ɗago shi. A yanka biyu daga cikin ukun a zuba da ɗan gishiri, ruwan da za ta fitar zai jiƙa abin da ya manne, ke kuma ki bi da muciya kina kankarewa. Jar albasa nake so, irin ta Aliero ko ta Galmi da ake kawowa daga Nijar, mai sa hawaye tun daga nesa. Sai ta yi laushi ta fara ja a gefe-gefe, sannan tafarnuwa da citta su shiga. Su kam minti ɗaya ya ishe su, tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take yi kuma ba ta da gyara.

Kayan miya jajjage nake yi, ba markaɗe ba. Markaɗen inji ruwa ake ƙara masa, ga shi yana sa dafaduka ta fito sumul babu abin da ido zai kama. A turmi nake jajjaga tattasai da attarugu da ragowar albasa, tumatir kuma in goga shi a greta. Tumatirin leda shi ke fara shiga cikin man, a soya shi har launinsa ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, sannan jajjagen ya biyo baya. Ana soyawa har ruwan ya ƙone, mai ya taso a gefe, ƙarar tukunyar ta canza daga ɓal-ɓal ta koma ƙarar suya. Nan ne tsami da gafin tumatir ke mutuwa. Masu jefa kanwa ko bakar hoda don su kashe tsami da wuri suna rage wa kansu minti 10 ne kawai, su dusar da jan miyar, kuma taliyar ta fito da wani santsi da ba na so.

Da sanyi da farkon rani, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwar 'Yankaba, nakan saki hannu. Da damina kuwa, in ya yi tsadar da sai dai a kalle shi, kauɗa nake jiƙawa da ruwan zafi in daka. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har kwando ya gagari mutane, na riƙe kauɗa a gida ban sake ta ba. A wannan girkin ma ba ta da makusa, launinta ya fi duhu, ɗanɗanonta ya fi kama jikin nama.

Daddawa fa? Na san akwai masu cewa daddawa ta miyar kuka ce da taushe, me ya haɗa ta da taliya. Ƙwarya-ƙwaryar rabin ƙulli, a daka ta da masoro da kanumfari ta yi laushi, a soya ta tare da jajjagen. Babu wanda zai ji warinta a faranti, sai dai a ce yau abincin ya yi wani irin daɗi, kuma dunƙule 2 zai ishe ki inda da sai kin jefa 4.

Sai a mayar da naman da duk ruwan da ya tsatso a murfin, da ƙasusuwan, a tsayar da sanwa da ruwan zafi har ya sha kan naman, a bari ya tafaso, a rage wuta can ƙasa, a rufe. Daga nan aikinki ya tsaya, na wuta ya fara. Farar jijiyar nan da ke ratsa ƙirji da ƙwauri, zafi mai sauƙi na dogon lokaci ne ke narkar da ita ta koma danƙo a cikin romo. Shi ne kike gani in farfesun ƙafar sa ya kwana, da safe romon ya daskare. Wannan danƙon ne zai lulluɓe taliyar daga baya. Wuta mai ƙarfi ba ta hanzarta shi, ruwan kawai za ta ƙone miki, tsokar ta ƙanƙance. Tukunyar ta riƙa motsi a hankali, ƙwayar tafasa tana fitowa jifa-jifa.

Ni da na idar da la'asar nake ɗorawa. Kafin naman ya yi laushi an duba aikin gida na yara, an kwashe shanya, 'yan Islamiyya sun dawo. Mai nama shi ke neman wuta, in ji Hausawa, to ga yadda gas ya koma, wannan doguwar dahuwar a murhun gawayi nake yin ta, a tsakar gida. Gawayin da ya ruru ya fara toka ya fi kowace wuta iya wannan aikin. Amma a tsakar gida na ce, ko da sanyi ya matsa kada a shiga da murhun gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Mai tukunyar firesha kuwa ta huta, minti 25 zuwa 30 ya isa, sai dai in ta zo sa taliya ta cire wancan murfin ta ci gaba kamar sauran tukwane.

Akwai masu jefa farasitamol a tukunya wai don nama ya yi saurin nuna. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka, magani ne ba kayan miya ba, kuma yana iya taɓa hanta da ƙoda. In sauri kike yi, goga ɗanyar gwanda kaɗan ki cuɗe naman da ita ki ajiye rabin awa kafin suya, tana da sinadarin da ke sassauta tsoka. Kada dai ta yi yawa, naman zai dagargaje.

Yadda ake gane ya yi: ɗauko yanka ɗaya ki danna da bayan cokali a jikin tukunya. In ya buɗe ba gardama, ya yi. In ya turje ya dawo, rufe ki ƙara masa. Kada ki ce ai zai ƙarasa tare da taliya, minti 10 ba abin da zai yi wa naman da awa ɗaya bai lanƙwasa ba.

To, nan ne inda dafadukar mutane da yawa ke lalacewa, wajen ruwa. Busasshiyar taliya tana ninka nauyinta fiye da sau biyu in ta dahu, kuma duk wannan ƙarin daga romonki za ta sha shi. Leda ɗaya mai giram 500 tana son ruwa lita ɗaya da ɗan ɗoriya, kada ya wuce lita ɗaya da kwata, har da romon da ke cikin tukunyar. In babu kofin awo, ledar fiyawota rabin lita ce, ke nan biyu da rabi ita ce iyaka. Matsalar ita ce bayan awa ɗaya da rabi ba ki san nawa ya rage a ciki ba. Ni na yi wa muciyata tsaga da wuƙa a daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya a wannan tukunyar tawa, in na tsoma ta tsaye sai in ga abin da ya rage in cika. Wadda ba ta da wannan, ga wata alama: bayan taliyar ta shiga ta kwanta, ruwan ya zo daidai kanta, ana hango bayanta sama-sama. In ta nutse ba a ganin ta, ya yi yawa. Gara ya gaza a ƙara, don haka butar ruwan zafi tana gefe. Na zafi fa, ruwan sanyi yana kashe tafasa ya bar taliya tana jiƙa.

Kafin ta shiga, a tsame ƙasusuwan a buga ɓargon ya faɗa ciki, a ɗanɗana romon. Ya kamata gishirinsa ya ɗan fito fiye da yadda za ki so a miya, saboda taliyar lami ce kuma ita za ta shanye. Gishirin da aka barbaɗa bayan ta dahu a bayanta yake tsayawa.

Wace taliya? Makaroni ta fi sauƙin sha'ani, ba ta harɗewa, kuma romo yana shiga cikin raminta. Amma yarana doguwar suke so, don haka nakan karya ta biyu. An ce Italiyawa ransu ɓaci yake in suka ga ana karya taliya. Su yi haƙuri, a tukunya ɗaya da nama a ciki doguwa ba ta juyuwa. Abin da na yarda da su a kai shi ne alkama. Tun 1967 dokarsu ta ce busasshiyar taliyar da kamfanoninsu ke yi don sayarwa a ƙasarsu sai da alkamar durum, mai tauri, wadda ke riƙe jikinta a ruwan zafi. A nan ba kowace ce haka ba, ki juya bayan leda ki karanta. Wadda aka yi da alkamar fulawa ta fi saurin saki, ita sai an tsaya a kanta. Mafi yawan alkamar da kamfanoninmu ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ledar taliya ke bin dala. Mu kan haɗa kuɗi da maƙwabciyata mu sayi katan mai leda 20 a kasuwar Singa mu raba.

Taliyar murji, tamu ta gida da ake shanyawa a igiya, ba ta wannan girkin ba ce. Minti kaɗan take nuna, ta jiƙe ta haɗe. Ita a bar ta da manja da yaji da ɗan wake, a nan babu mai ja da ita.

Ban tafasa taliyar daban, ban wanke ta. Ranar da surukata ta fara ganin na karya ta ɗanya na zuba cikin romo, sai da ta gyara zama.

"Ke 'yar nan, ba za a tafasa a tace ba? Ai wannan sitacin shi ke sa ta caɓe."

"Hajiya, a dai ɗanɗana tukuna. In ba ta yi ba sai a tuƙa tuwo."

Ta ci, ta ce ba laifi, wanda a bakin Hajiya yabo ne babba. Amma har gobe tana nan a kan bakanta cewa taliya ba abincin dare ba ce, ba ta kwana a ciki.

Abin da ke sa taliya caɓewa yawan ruwa ne da wuce lokaci. Sitacin da take saki shi ne ma ke haɗuwa da danƙon nama da mai ya zama miya mai kauri da ke manne mata. In kika tafasa ta a farin ruwa, ta riga ta cika cikinta da lami, romon da kika yi awa biyu kina haɗawa sai dai ya bi ta bayanta ya taru a gindin faranti. Masu wankewa don mai ciwon suga kuma su sani, na bayan kawai ruwa ke ɗaukewa, ita kanta taliyar sitaci ce. A rage masa yawanta, a ƙara masa ganye da nama, ya fi wankin amfani.

Wani ƙanin maigidana da ya yi zaman aiki a Sabha ya ce haka mutanen Libiya ke yin tasu, mbakbaka, taliya ɗanya cikin romon nama da tumatir da barkono, sai dai su da ruwa-ruwa suke sauke ta ana sha da cokali. Ba abin mamaki ba ne, Italiya ta riƙe ƙasar daga 1911 zuwa 1943. Duk ranar da ya zo nakan bar masa nasa da ɗan romo.

Daga shigar taliya kuma babu zuwa ko'ina, ko waya aka kira a bari ta yi ta ƙara. A ƙara wuta romon ya tafaso sosai, a zuba taliyar a warwatse, ba dunƙule guda ba, a danna ta da muciya ta nutse. Minti 2 na farko su ne na haɗewa, lokacin ne bayanta ke yin danƙo, don haka a juya ta sosai har ƙasa. Karas da aka yanka ƙanana ya shiga yanzu. A rage wuta zuwa tsaka-tsaki, a rufe, amma duk bayan minti 2 ko 3 a buɗe a ɗago na ƙasa ya dawo sama. Za ki ga romon yana canzawa a gabanki: da farko tsararo, mai yana yawo a kai daban, can sai ya fara kauri, man ya ɓace cikinsa, launin ya koma ja mai sheƙi, in kika ja muciya a gindin tukunya sai ta bar hanya kafin ta rufe. Tsamin tumatir yana ɗan jinkirta dahuwar taliya, don haka takan ƙara minti ɗaya ko biyu a kan abin da aka rubuta a leda. Kada ki dogara da agogo, ɗauko sili ɗaya ki gatsa. In akwai ɗan farin ɗigo a tsakiya, siriri, kuma da sauran ɗan romo a ƙasa, lokacin saukewa ya yi.

Eh, tun ba ta ƙarasa ba. A watsa koren tattasai da lawashi, a rufe, a sauke ƙasa, a ba ta minti 5. Zafin tukunyar dalma zai ƙarasa ta, ta tsotse sauran romon. Wadda ta jira sai ta yi daidai a kan wuta, kafin a kai faranti ta wuce. In akwai man shanu soyayye, cokali ɗaya a kai kafin a rufe, ƙamshin har maƙwabta.

In ruwa ya ƙone taliya da sauran tauri, rabin kofi na ruwan zafi a bi gefen tukunya da shi, a rufe. In ya yi yawa, a cire murfi a ƙara wuta ana juyawa. In kuwa kika ji ƙauri, kada ki kankare ƙasan, juye na saman a wani mazubi nan take, abin da ya kama ya zauna inda yake.

A tire ɗaya nake zuba wa yara, in tsince naman in raba da hannuna, in ba haka ba babban ya kwashe ya bar auta da karas. Yankakken kabeji da kokwamba a gefe, da yajin ƙuli ga mai so. Na Abbansu ne ke da 'yar dabara, don shi sai bayan isha'i yake shigowa, kula kuma ci gaba take da dafa abin da aka zuba mata. Nasa nake fara ɗiba tun taliyar da sauran tauri sosai, da ɗan romo fiye da na kowa, in rufe. Kafin ya zo ta yi daidai.

Abin da ya rage kada ya kwana a tukunya a rufe, musamman da zafin bazara, nama da taliya ba sa jure awanni a waje. In da wuta, a juye a faffaɗan mazubi ya huce da wuri a sa a firji. In babu, gara a miƙa wa almajiri tun da ɗuminta. Wadda ta kwana a firji kuma za ki same ta ta shanye komai ta dunƙule, sai a yayyafa mata ruwa cokali 3 ko 4, a rufe a kan wuta kaɗan har ta yi zafi ciki da waje, kada a ƙara mai. In naman ya ƙare tun daren, a fasa ƙwai biyu a kai.